RA'AYINMU: A Bayyana Mana Alkamar Da Ke Ɓoye Cikin Abinci

Duk wanda ya baro Arewa ya zauna a Ikko ko Badun ko Anacha ko Fatakwal ya san yadda cimarsa ta sauya. A gida tuwon dawa ne da fura da kunun gero. A nan kuwa burodi ne da safe, taliyar leda da rana, da dare kuma semo, wanda mutane da yawa ba su ma san da alkama ake yinsa ba. Ga akasarin jama'a wannan ba kome ba ne, amma akwai bayin Allah waɗanda alkama guba ce a cikinsu, kuma saboda su muka ga wajibi ne mu yi wannan tsokaci.

Cutar da ke damunsu likitoci na kiranta siliyak. A cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai mai suna rai akwai wani sinadari, gulutin, wanda shi ne ke ba kwaɓin fulawa danƙo. In mai wannan cuta ya ci shi, sai garkuwar jikinsa ta auka wa ƙaramin hanjinsa, ta lalata 'yan tsirgunan da ke tsotse amfanin abinci. Daga nan sai zawo da kumburin ciki da rama da ƙarancin jini, yaro kuwa ya tsumbure. Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da laifin alkama, bayan ya lura yaran da yake dubawa sun sami sauƙi lokacin da burodi ya yi wuya a yunwar 1944 zuwa 1945, kana ciwon ya dawo da burodi ya samu. An ƙiyasta cutar na kama kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya. Kada kuma a ce ta Turawa ce kaɗai, domin binciken da aka buga a 1999 kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya same ta a fiye da 5 cikin 100. Maganinta guda ɗaya ne, watau barin gulutin har iyakar rai.

To, barin gurasa da alkaki da finkaso ba shi da wuya, don kowa na ganin alkamarsu. Inda gizo ke saƙa shi ne abincin kamfani. Ana sa fulawa cikin waɗansu dunƙulen miya da garin miya da naman gwangwani don su yi kauri ko su haɗe. Abin sha na malt wani daga dawa ake yinsa, wani daga sha'ir, kuma ba a rarrabewa da ido. Ƙanƙanin abu ya isa ya ta da ciwon, shi ya sa ƙa'idar abinci ta duniya, Codex Alimentarius, ta ce ba za a kira abinci marar gulutin ba sai in bai wuce miligiram 20 cikin kilo ɗaya ba. Ke nan majiyyaci ba shi da mai tsaronsa sai rubutun da ke jikin kwali.

Saboda haka muna kira ga hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna, ta matsa wa kamfanoni da masu shigo da kaya su rubuta alkama da sha'ir ɓaro-ɓaro da manyan baƙaƙe, ta kuma riƙa gwada duk kayan da ke da'awar ba su da gulutin. Muna kuma tunatar da wakilan jam'iyyarmu a Majalisar Tarayya su nemi a riƙa sa wannan gargaɗi cikin manyan harsunan ƙasa, har da Hausa. Gargaɗin da mai saye ba zai iya karantawa ba, da shi da babu duk ɗaya ne.

Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. 'Yan'uwanmu masu tireda da masu shayi daga Agege zuwa Sabon Badun sukan sayi buhu ko katan su ƙulla a ƙananan leda, su yar da kwalin. Muna roƙonsu su riƙa adana shi don mai tambaya. Mai masa da ke ƙara fulawa a ƙullunta ta faɗi gaskiya in an tambaye ta, mai injin niƙa kuma ya share injinsa bayan alkama kafin ya zuba gero. Ciniki amana ne. Sarakunan Hausawa da limamai su taimaka wajen isar da wannan saƙo.

Ga iyaye kuma, in yaro ya daɗe yana zawo yana ramewa, a daina cewa haƙori ne ko sammu, a kai shi babban asibiti a gwada jininsa. Kada a hana shi alkama kafin gwajin, domin hakan na ɓoye alamar cutar. In ta tabbata, babu abin tashin hankali, don gero da dawa da masara da shinkafa da acca da doya da rogo duk ba su da gulutin. Abincin da muka tashi da shi a gida shi ne lafiyarsa. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.