Wa Ke Bin Wani, Mai Fiyano Ko Mawaƙiya?

'Yan'uwa ɗalibai, malamanmu da iyayenmu na ikkilisiya, akwai wata al'ada da ta shigo ƙungiyoyin waƙa na makarantu da majami'u, wadda ya kamata mu dube ta da kyau. In an gayyaci mawaƙiya taro, ko bikin aure ko ranar raba kyaututtuka, sai mai fiyano ya haɗa kiɗan tun daga gida, ya adana shi cikin na'urar. Ranar taro ya danna maɓalli ɗaya, ganga da jita da sarewa su tashi gaba ɗaya, ita kuwa baiwar Allah ta yi ta tsere a bayansu. Mu dai a ganinmu an juya abin a kife.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A unguwar Kabara, cikin birnin Kano, kusa da gidan Sarki, akwai Gidan Ƙadiriyya, inda Shaihu Nasiru Kabara ya jagoranci ɗariƙar har rasuwarsa a 1996, ɗansa Shaihu Ƙaribullah ya gaje shi. Maƙwabtanmu Musulmi na can sun shahara da bandiri, wanda ake bugawa da hannu. A Maukibin da suke yi kowace shekara don tunawa da Shaihu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza, dubban mutane ne ke ratsa gari suna zikiri da waƙa. Addininmu daban da nasu, amma mai koyon kiɗa zai ƙaru in ya kasa kunne. Mai bandiri hankalinsa na kan mai waƙa. In ya ja baiti, sai ya jira shi. In ya maimaita, ya maimaita tare da shi. In taro ya ɗauki zafi, hannu ya ƙara sauri, ba wanda ya ce masa komai.

Ba mu ƙi fiyano ba. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, harkar finafinan Hausa ta bunƙasa a Kano, yaro ɗaya a situdiyo da fiyano ƙirar Yamaha PSR ya riƙa yin aikin makaɗa biyar. Har wasu masu begen Annabi suka karɓe shi, malamai suka yi ta muhawara a kai. A situdiyo dabarar tana da kyau, domin in an kuskure sai a goge a sake. Gaban jama'a kuwa ba gogewa.

Yawancin kaɗe-kaɗen da ke cikin na'urar an tsara su ne don rawar Turawa, bugu huɗu huɗu, alhali da yawa daga cikin namu bugu shida suke tafiya. Hausa kuma tana da gaɓa doguwa da gajera, tana da hawa da saukar murya. In kiɗa ya hana mawaƙiya jan wasali inda ya kamata, kalma na iya fita da wata ma'ana dabam. Ga kuma amshi. Iyayenmu mata na zumunta in waƙa ta ratsa su, sai sun amsa sau uku ko huɗu kafin su sake ta. Na'ura ba ta san wannan ba, ta riga ta wuce baiti na gaba.

To, mene ne shiri? Mai fiyano ya zauna da mawaƙiyar kwanaki kafin taro, ya nemo inda muryarta ke zama ba tare da wahala ba, ya tuna cewa muryar safe ba ta kai ta yamma tashi. Ya rubuta makullin kowace waƙa da saurinta a takarda. Su yi yarjejeniya a kan alama, ko ɗaga hannu ko kallo, ta maimaitawa da ta tsayawa. Ya kuma koyi buga waƙar da yatsunsa a makullin da aka zaɓa, kada ya dogara da maɓallin ɗaga murya, domin wasu na'urorin in an ɗauke wuta sukan koma yadda suke da farko, a bar yarinya tana laluben murya gaban iyayenta.

Muna roƙon hukumar makaranta ta tanadi batura ranar taro, ta kuma bar mai ganga ya zauna kusa da mai fiyano, a kashe gangar na'urar a waƙoƙin da ke da amshi.