Na'urar Kan Iyaka Ba Alamar Dujal Ba Ce

Ya 'yan'uwana Musulmi, wata magana ce take yawo a majalisu da tashoshin mota a yankinmu na Bagudo, kuma na ga yin shiru a kanta ha'inci ne. Wasu masu ɗan guntun karatu suna gaya wa talakawa wai ɗora yatsu a kan na'urar jami'an shige da fice haramun ne, wai alamar Dujal ce, wai mace ba ta da izinin buɗe fuskarta a ɗauki hoto. Daga nan sai su ba da fatawar da ta fi komai haɗari, cewa mai zuwa Segbana ko Malanbil ya bar ƙofar Tsamiya da ta Lolo, ya bi ɓarauniyar hanya a kan babur.

Bari mu fara da abin da na'urar take yi, domin mafi yawan masu tsine mata ba su taɓa tsayawa gabanta ba. Fasfon da Najeriya take bayarwa tun 2007 yana ɗauke da ɗan ƙaramin ma'aji a cikinsa, inda aka adana hoton mai shi da bayanansa. Jami'i zai ɗora fasfon a kan na'ura, kyamara ta ɗauki fuskarka, kai kuma ka ɗora yatsunka a kan gilashi, sai kwamfuta ta gwada abin da ta gani da abin da aka ajiye. Babbar tambayar da take amsawa ita ce: shin wannan mutumin shi ne mai wannan takarda? Tsarin da ake kira MIDAS yana aiki a manyan filayen jiragen samanmu tun 2019, da wasu ƙofofin ƙasa. Ƙasashen Turai sun soma nasu a watan Oktoba na 2025. Ƙungiyar ECOWAS kuwa tun 2014 ta amince da katin shaida mai zanen yatsu domin ya maye gurbin tsohuwar takardar tafiya. Saboda haka wanda ya kauce wa na'ura a nan, zai same ta tana jiransa a Kwatano ko Abuja.

Kuma zai same ta a Jidda da Madina! Nan ne abin yake ba ni mamaki. Malamin da ya ce haramun ne a bakin iyakar Binin, shi ne za ka gani cikin harami ya miƙa yatsunsa goma ga ɗan sandan Saudiyya ba tare da ya ce uffan ba, matarsa kuma an ɗauki hotonta. Shin hukuncin Allah yana canzawa ne tsakanin Tsamiya da Jidda? Ko kuwa fatawar ta talaka ce kawai, wanda ba zai iya tambayar dalili ba?

Dalilin kuwa babu shi. A mashhurin zancen malaman Malikiyya, mazhabar da aka san ƙasarmu da ita, fuska da tafukan hannu ba al'aura ba ne. Su ma malaman da suka wajabta niƙabi sun yi ittifaƙi cewa mace tana buɗe fuskarta idan buƙata ta kama, kamar wajen ba da shaida gaban alƙali ko inda ake son a tabbatar ita ce. Wannan mas'ala ce tsohuwa a littattafan fiƙihu, ba kwamfuta ce ta kawo ta ba. Batun yatsu kuwa, Allah Maɗaukakin Sarki da kansa ya ambaci gaɓoɓin yatsun ɗan Adam a farkon Suratul Ƙiyama cikin dalilan ikonsa na tayar da matattu. Halittar da ya bambanta kowane bawa da ita, yaya gane mutum da ita zai zama aikin Dujal?

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne: wannan iyaka ba mu muka shata ta ba. Ingila da Faransa ne suka zauna a Faris a 1898 suka raba ƙasar Bargu, Illo ta faɗo ɓangaren Ingilishi, dangin mutanenta suka koma ƙarƙashin Faransa. Har yau akwai mai gona a can gida a nan, akwai mai 'ya da take aure a ƙetare. Ba mu manta da rufe iyaka na watan Agusta 2019 ba, da yadda ya karya ƙananan 'yan kasuwa. Amma ɗacin tarihi ba ya mai da halal haram. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar zama kwana 90 a Binin ba tare da biza ba, in dai ya shiga ta ƙofa da takarda. Wanda ya bi daji ya yar da wannan haƙƙi da hannunsa.

Dajin ma ba na jiya ba ne. A watan Afrilu na 2025 gwamnatin Binin ta sanar da kashe sojojinta 54 a arewacin ƙasar, wajen gandun dajin W, a jihar Alibori da Segbana take ciki. A ɓangarenmu kuma sunan Lakurawa ya cika kunnen kowa tun ƙarshen 2024. Saurayin da jami'in tsaro ya tare a kan babur cikin dare, ba kati ba fasfo, da me zai rantse cewa shi mai sayen albasa ne? Mai fatawar yana gida yana barci, uwar yaron ce za ta yi ta zarya tana sayar da akuyoyinta.

Hukuma ma tana da nata alhakin, kuma ba zan rufe mata asiri ba. Manomin shinkafa na fadamar Kwara da masunci da tsohuwa mai surfe, aiki ya cinye zanen yatsunsu, hunturu ya ƙara musu kaushi, na'ura takan ƙi karɓa. Lalle mai kauri a kan yatsu ma yana hana ta, don haka mata su jinkirta ƙunshi har sai sun dawo, maza kuma su ɗan shafa mai su goge kafin su ɗora. Amma idan ta ƙi bayan haka, wannan gazawar ƙarfe ce, ba laifin bawan Allah ba ne, kuma duk jami'in da ya mai da ita ƙofar "a kawo na goro" ya ci haramun tsantsa. Bayanan da aka ɗauka amana ce, dokar kare bayanai ta 2023 ma ta ce haka. Ba a samun fasfo sai da lambar NIN, to a kai wuraren rajista Illo da Kaoje da Lolo a riƙa yi kullum, kada a bar mutum ya kashe kuɗin buhun hatsi a mota. Kuma a kowace ƙofa a ajiye jami'a mace da labule, domin rashin wannan labulen ne ya fi komai ba masu wannan fatawa kasuwa.