Zare: kafin a kai tsohuwar kwamfutar nan wajen 'yan gwangwan

1/ Jama'a, yau maganata a kan tsofaffin kwamfutocin da ke jibge a sito na ofisoshi da shagunan kafe da suka rufe a Dutse ce. Ra'ayina a taƙaice: a daina sayar da su a kan kilo kafin wani ya buɗe ya rubuta abin da ke ciki. Zaren yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

2/ A Turai da Amurka akwai masu tara irin waɗannan. Suna bin Commodore 64 da ZX Spectrum, duka na 1982. Akwati iri ɗaya, amma ciki ya bambanta. Commodore 64 ta farko tana da guntun sauti 6581, ta baya 8580, kuma mai kunne yana rarrabe su daga kiɗan kawai.

3/ Sha'awa ce mai kyau, amma ba tarihinmu ba ne. Jigawa kanta a 1991 aka ƙirƙira ta. Yawancin yayyenmu a nan sun fara taɓa kibod ne a zamanin Pentium, lokacin gwamna Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, sa'ad da aka kafa cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure, Galaxy kuma ta kawo intanet Dutse.

4/ Injinan wancan lokacin su ne namu na tarihi: Compaq, Dell da HP 'yan Beljiyam, da waɗanda aka harhaɗa a shago. A kansu aka cike fom ɗin JAMB, aka buɗe imel ɗin Yahoo na farko, aka buga katin biki da takardar neman aiki. Rayuwar mutane ta bi ta cikinsu.

5/ Akwai kuma na gida. Zinox ta Leo Stan Ekeh ta fito a 2001 da alamar ₦ a kibod ɗinta. Ga Omatek ta marigayiya Florence Seriki. Babu wani mai tarawa a Ingila da zai adana mana waɗannan. In mu ba mu ajiye ba, shi ke nan, sun tafi tukunyar narka ƙarfe.

6/ Ga inda na rabu da masu tarawa na waje. Su orijina suke so, wadda ba a taɓa ba. Tamu kuwa da wuya ka samu haka: akwatin wani kamfani, madabod na wani, ram daga injina uku. Wani zai ce haɗe-haɗe ce, ba ta da daraja. Ni a wajena darajar ke nan.

7/ Duk abin da aka canja shaida ne na abin da wuta da ƙura da zafin garin nan suka kashe, da dabarar da mai gyara ya yi don injin ya ci gaba da ciyar da gida. Sai dai fa sai ka iya karanta ta. Doka ta farko: kar ka yarda da sitikar gaba. Kama da wane ba ta wane.

8/ Fara da kibod. In akwai £ a kan lamba 3, daga Ingila take. In # ce a wurin, tsarin Amurka ne. In layin haruffa na sama ya fara da AZERTY, ta ƙasar masu Faransanci ce, kuma ba abin mamaki ba ne ga jihar da ke da iyaka da Nijar ta Maigatari. Duba ko da sauran sitikar makaranta ko ofishin da ta fito.

9/ Kafin ka jona wuta, juya bayanta. Da yawa suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji, sai hayaƙi. Daƙiƙa biyu ne dubawar, don Allah a duba.

10/ Shekarun injin suna rubuce a jikin baƙaƙen guntayen da ke kan madabod. Yawanci lamba huɗu ce: biyun farko shekara, biyun ƙarshe mako. 0134 na nufin mako na 34 a 2001. Duba guda biyar, wanda ya fi kusa shi zai ba ka lokacin da aka haɗa allon. In had disk ya ce 2007, to canji ne.

11/ Furosesa. Pentium III ta 1999 kala biyu ce: mai tsayuwa kamar kaset a Slot 1, da shimfiɗaɗɗiya mai kusurwa huɗu a Socket 370. Pentium 4 kuma gida uku ta zauna: 423, 478, sai 775. A 775 alluran suna jikin madabod ne, ba jikin furosesa ba, kuma saurin lanƙwasa gare su.

12/ Ram ma tana faɗar zamaninta. SDRAM tsaga biyu gare ta a ƙasa, ƙafa 168. DDR tsaga ɗaya, ƙafa 184. DDR2 ita ma tsaga ɗaya, ƙafa 240, amma tsagar ba wuri ɗaya suke ba. In ta ƙi shiga, ba ƙarfi ya rage maka ba, ba gidanta ba ne.

13/ Tarko ɗaya: wasu Dell na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 suna da akwatin wuta mai kai irin na ATX sak, amma wayoyin ba a jere ɗaya suke ba. Ka sa na gama-gari, kana iya ƙona allon. Kwatanta launin wayoyin tukuna.

14/ Sai kafasita, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan allo. Lafiyayye kansa a baje yake, mai ciwo ya kumbura ko ya yi tsatsa. OptiPlex GX270 da GX280 sun yi suna da wannan, har Dell ta ware kusan dala miliyan 300 a 2005 don gyara.

15/ To in ka buɗe GX270 ka ga kafasita kala daban, da tabon dalma a bayan allo, tsaya ka ɗauki hoto. Wani bawan Allah ne a nan Dutse ko a Beirut Road ta Kano ya zauna ya cire su ɗaya bayan ɗaya. Ba shi da suna a ko'ina, wannan tabon ne sa hannunsa.

16/ Na san me za a ce: mutane na fama da abin sawa a baka, kai kana zancen tarkace. Gaskiya ne. Ɗan gwangwan ma halak ɗinsa yake nema, ba abokin faɗa ba ne. Ban ce a ajiye duka ba. A ajiye ɗaya daga kowane iri, sauran a ɗauki hoto, a rubuta, a sayar. Aikin minti 15 ne.

17/ Ko za ka sayar, cire had disk. Na kafe da na ofis cike suke da wasiƙu da hotunan fasfo da takardun mutanen da ba su san suna nan ba. Amana ce. Tsohuwar monita mai ƙeya kuma kar a buɗe, kar a fasa: tana riƙe wuta bayan an kashe, gilashinta kuma da dalma.

18/ Mu ɗalibai mu za mu fi cin riba. A wayarka kusan komai an cusa shi a guntu ɗaya, ba abin da ido zai gani. A allon Pentium III kuwa ga furosesa, ga ram, ga BIOS, ga layukan da suka haɗa su, kana bi da yatsa. Abin da ka haddace don jarrabawa sai ya zama abin taɓawa.

19/ Ba sai an gina gidan tarihi irin Gidan Makama ba. Kabad ɗaya ya isa, a FUD ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse ko Kazaure. Kowane inji da katinsa: samfuri, furosesa, ram, shekarar allo, abin da aka canja, inda aka samo shi, da aikin da ya yi.

20/ Layin ƙarshen nan shi ya fi gaggawa. Lambar guntu za ta jira mu shekara 20, amma kawun da ya san cewa injin nan ne ya buga sakamakon ɗalibai a Birnin Kudu ko takardun albashi a Kiyawa, sai an tambaye shi yanzu.

21/ Don haka in akwai irinta a gidanku ko shagon yayanka, ɗauki hoto uku: gaba, baya, ciki. Ajiye su a ƙarƙashin zaren nan, mu taru mu gano ko wace ce. Mai Zinox da ₦ a kibod kuwa, don girman Allah kar ka sayar, yi min magana tukuna. Allah ya sa mu dace.