Jaka cike da tsaraba, zuciya wayam

Mai karatu, idan ɗayanmu ya dawo daga tafiya, tambayar farko da ake tarbarsa da ita ita ce, "Ina tsaraba?" Da wuya ka ji an ce masa, "Me ka gani?" A ganina wannan ɗabi'a ta rage wa tafiya daraja, ta mayar da ita cin kasuwa kawai, alhali magabata sun ce tafiya mabuɗin ilimi.

Bari in buga misali da Atina, babban birnin Girka, inda 'yan yawon buɗe ido ke tururuwa. A dandalin Monastiraki, inda baƙi ke cinikin takalman fata da kayan ado, akwai masallacin da aka gina a shekarar 1759 zamanin Daular Usmaniyya, wanda daga baya aka mayar da shi gidan adana kayan tarihi. Daga nan idan mutum ya ɗaga kai zai hango dutsen Akropolis, inda ginin Partenon yake. An gina shi tsakanin 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) domin bautar gunki, ya zama coci, ya zama masallaci bayan Turkawa sun ci birnin, sannan a 1687 harin sojojin Banis ya tayar da albarushin da aka ajiye a ciki, ya rushe tsakiyarsa. Gini ɗaya ya ga mulki bayan mulki, kowanne yana zaton shi ne na ƙarshe. Wanda ya tsaya a wurin bai ga komai ba sai farashin takalmi, lallai ya yi asarar kuɗin jirgi.

To amma ba sai mun je Girka ba. Mu mazauna Kamazou, tsallake kogi kawai za mu yi. Sau nawa muke shiga gari don Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci, mu dawo niƙi-niƙi da kaya? Sau nawa kuma muka kai yaranmu Arewa House, gidan Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka kashe a watan Janairun 1966, gidan da ya zama cibiyar binciken tarihi a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello? Ga gidan tarihi na ƙasa a titin Ali Akilu, mai ɗauke da kayan yumɓu na Nok da suka haura shekara 2,000. Ga gadar ƙarfe ta Lugga da aka kwaso daga Zungeru aka kafa a Gamji, shaidar yadda Turawa suka dawo da hedikwatarsu Kaduna a 1917.

Abin da ke damuna ya wuce nishaɗi. Tun rikicin shekarar 2000 kogin nan ya zama tamkar katanga tsakanin mutanen gari ɗaya. Yaron da ya tashi a kudu bai san arewacin gari ba sai kasuwa, na arewa kuma bai san kudu ba sai jita-jita. Wanda bai san tarihin da ya haɗa shi da maƙwabcinsa ba, shi ne mafi saurin yarda da mai son raba su.

Ba na cewa saye laifi ne. Tsaraba sada zumunci ce, ɗan kasuwa ma yana da iyali. Sai dai atamfa tana koɗewa, wani lokaci tun ba a gama biyan bashinta ba, amma abin da ido ya gani hankali ya ɗauka ba ya tsufa. Alƙur'ani ma ya kwaɗaitar da mu a wurare da dama mu zaga ƙasa mu yi nazarin makomar waɗanda suka gabace mu.

Shawarata, ya ɗan'uwa, idan hutun makaranta ya zo, ka ware rabin yini da kuɗin mota, ka fara da gidan tarihi kafin kasuwa. Allah Ya sa mu dace, amin.