Sharhi: Tsaftar nama a Abuja, tsakanin gyaran mayanka da ƙaurace wa nama

A tsakiyar watan Yulin 2023, Gwamnatin Tarayya ta tabbatar da ɓullar cutar antiraks, wadda makiyaya suka fi sani da ciwon saifa, a wata gona da ke Gajiri a Ƙaramar Hukumar Suleja ta Jihar Neja, a bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ce ta yi gwajin da ya gano cutar. Wata guda kafin nan, ana tsakiyar shirin Babbar Sallah, Ma'aikatar Noma ta Tarayya ta riga ta gargaɗi jama'a da su guji cin ganda da naman daji da ƙyafaffen nama, bayan cutar ta ɓulla a arewacin Ghana.

Suleja ƙofar Abuja ce, shi ya sa labarin ya tayar da hankalin mazauna Babban Birnin Tarayya. Da aka sake samun cutar a Jihar Zamfara a watan Janairun 2025, tambayar da ta kwanta ta sake tashi: wane irin nama ne ke shiga tukwanen jama'a, kuma wa ya duba shi? Wasu ma sun fara tunanin ko barin cin nama gaba ɗaya shi ne ya fi zama alheri.

Amsar tana farawa ne daga inda dabba ta fito. Mafi yawan shanu da awaki da tumakin da ake yankawa a Abuja ba a nan aka yi kiwonsu ba. Ana sayo su ne daga manyan kasuwanni irin su Maigatari da Potiskum da Illela da Mubi, wasu kuma sun tsallako daga Nijar ko Chadi ko Kamaru. Sukan yi doguwar tafiya a cunkushe cikin manyan motoci, sau da yawa ba ruwa ba abinci, kafin a sauke su a kasuwar dabbobi ta Dei-Dei, daga nan a rarraba su zuwa mayankan Karu da Kubwa da Gwagwalada da sauransu.

A ƙa'ida, sau biyu likitan dabbobi ke duba kowace dabba. Yana duba ta tana tsaye kafin a yanka, sannan ya duba huhu da hanta da zuciya da tsoka bayan an feɗe. A wannan duba na biyu ne ake gano tarin fuka na shanu da tsutsar hanta da ƙwayayen tsutsar ciki masu ɓuya cikin nama. Akwai kuma cutar bakkale, mai sa dabba ɓari, wadda ke kama mahauta ta hanyar jini da ruwan jikin dabba. Shi kuwa ciwon saifa, dabbar da ya kashe ba a ma feɗe ta, domin ƙwayar cutar na iya shafe shekaru masu yawa a cikin ƙasa ba ta mutu ba.

Matsalar ita ce, idan likita ya ce naman sa bai dace da ci ba, asarar kan faɗa ne a kan mahauci shi kaɗai. Mahauta da yawa bashi suke karɓar dabba daga hannun dillali, su biya bayan sun sayar. Sa guda na iya kai dubban ɗaruruwan naira, wani ma ya haura miliyan. Mutumin da ya san ƙin amincewar likita na nufin karyewar jarinsa, zai nemi hanyar da ba zai haɗu da likitan ba: ya yi yanka da duku-duku, ko a bayan gari, ko a ƙananan kwatocin da ba su da rajista. Matuƙar babu tsarin diyya ko inshora da zai rage wannan asara, tsananta bincike a manyan mayanka zai ƙara tura yanka ne zuwa inda ido ba ya kaiwa.

Haka abin yake game da dabbar da ta jigata a hanya. Ana gaggauta sa mata wuƙa don kada ta zama mushe. Yankan ya halatta, amma halaccin yanka ba ya kashe ƙwayar cutar da ta kwantar da dabbar tun farko.

Bayan yanka, akwai wasu haɗuran. A mayanka da dama a ƙasar nan, a ƙasa ake fiɗa, kusa da tumbi da kashi, ruwan wanki kuma ba ya wadatarwa. Wasu na babbaka kai da ƙafa da ganda da tsofaffin tayoyi ko robobi, hayaƙin kuwa yana barin sinadarai masu guba a jikin naman. A shekarar 2019, Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, ta yi gargaɗi kan fatun da aka sa wa sinadarai domin masana'antun jima amma ake karkatar da su kasuwa a matsayin ganda. Daga mayanka kuma ana ɗaukar nama a kan babura da bayan motoci, a baje shi a kan tebur cikin rana da ƙudaje tun safe har yamma.

Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani. Makiyaya da masu kiwon kaji na sayen magungunan kashe ƙwayoyin cuta a kasuwa ba tare da umarnin likita ba. Kowane irin wannan magani yana da adadin kwanakin da ya kamata a jira kafin a yanka dabbar ko a sha nononta. Idan ba a jira ba, ragowar maganin na shiga jikin mutum, kuma yawan amfani da shi na taimaka wa ƙwayoyin cuta su bijire wa magani. Dahuwa mai kyau tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma ba ta kawar da gubar taya, ba ta kuma tabbatar da gushewar ragowar magani.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 sun nuna girman abin. A kowace shekara, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya saboda gurɓataccen abinci a duniya, 420,000 kuma na mutuwa. Nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka kwatanta da yawan jama'arta, inda mutum sama da miliyan 91 ke kamuwa, kimanin 137,000 na rasa rayukansu. Ba duka ba ne daga nama, amma abincin da ya fito daga dabbobi yana cikin manyan hanyoyin.

Wa ke da alhakin gyara? Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora kafa mayanka da kula da su a kan ƙananan hukumomi, waɗanda a Abuja guda shida ne: Birni da Kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Likitocin dabbobin kuwa suna ƙarƙashin Sakatariyar Noma ta Hukumar Babban Birnin Tarayya. Akwai Dokar Daƙile Cututtukan Dabbobi ta 2022, akwai kuma Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙira a watan Yulin 2024. Hukumomi ba su yi kaɗan ba. Abin da ake nema shi ne a fayyace wanda za a tuhuma idan famfon mayanka ya ƙafe, da kuma inda kuɗin da ake karɓa a kan kowace dabba ke tafiya.

A wannan yanayi ne batun barin nama ke samun masu saurare, musamman tsakanin mazauna birane masu fama da hawan jini ko ciwon sukari. Suna da hujja. A watan Oktoban 2015, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko sinadaran adanawa cikin abubuwan da ke haddasa cutar daji, ta kuma ce akwai yiwuwar jan nama ma yana haddasawa. A Indiya, binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 39 cikin 100 na manya sun ce ba sa cin nama. Rayuwa ba nama abu ne mai yiwuwa.

Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce ga abinci mai gina jiki daga tsirrai. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake. Ƙosai da alala da ɗanwake da awara da ƙuli-ƙuli da daddawa da kwaɗon zogale duk abinci ne na gida. Wanda ya zaɓi ya bar nama yana da abin dogaro, muddin ya san sinadarin bitamin B12 daga abincin dabbobi ake samun sa, don haka yana buƙatar nono ko ƙwai ko ƙwayar ƙarin sinadarin.

Sai dai abin da ya dace da mutum ɗaya bai zama lallai ya dace da ƙasa baki ɗaya ba. A gidaje da yawa, tsada ta riga ta raba mutane da nama ba tare da sun zaɓa ba. Binciken Lafiya da Ƙidayar Jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kashi 58 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa kuma na fama da ƙarancin jini. Ga irin waɗannan yara da iyayensu mata, ɗan yankin hanta ko ƙwai ɗaya magani ne. Haka kuma, jini da ƙazantar mayanka da ke kwarara cikin rafuka na iya kaiwa ga ruwan da ake ban-ruwan latas da kabeji da shi. Wanda ya guje wa nama ya koma ga ɗanyen ganyen da aka shayar da wannan ruwa, ya gudu ne bai tsira ba.

Saboda haka gyaran mayanka ya shafi mai cin nama da wanda ya bari. Jihar Legas ta daɗe da shigo da rufaffun motocin dakon nama, kuma a watan Yunin 2025 ta rufe mayankar Oko-Oba da ke Agege na ɗan lokaci saboda ƙazanta. Darasin shi ne rufewa na jawo hankali, amma ba ta rage yawan masu neman nama washegari. Abin da ke ɗorewa shi ne ruwan famfo, da ƙugiyoyin rataye nama, da ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, da murhun gas a madadin taya, da isassun likitoci tun daga asuba.

Ba kuma za a yi nasara ba idan aka ɗauki mahauta a matsayin abokan gaba. Tun kafin zuwan Turawa, Sarkin Pawa ne ke sa ido kan abin da ake yankawa a garuruwan Hausa, kuma har yau maganarsa tana da nauyi a kwata. Idan aka haɗa shi da ƙungiyoyin mahauta cikin tsarin duba nama, aka kuma kafa asusun rage asara daga kuɗin da ake karɓa a mayanka, mahauci zai daina ganin likita a matsayin mai karya masa jari.

Mai saye ma yana da rawar da zai taka. Ya saya da safe a wurin da aka san inda aka yanka, ya guji naman da arharsa ta yi yawa ko launinsa ya sauya, ya raba wuƙar ɗanyen nama da ta kayan lambu, ya kuma dafa shi ya nuna har ciki. Amma ba magidanci ne zai gano tarin fuka a huhun sa ba. Wannan aikin hukuma ne, kuma ma'auninsa mai sauƙi ne: ko kowace dabba da aka yanka a Karu ko Kubwa ko Gwagwalada ta bi ta hannun likita kafin namanta ya fita ƙofa.