Filin Manoma: Maganin Ciyawa Da Yanayin Sama

Da zarar damina ta kankama, akan ji manoma suna kukan cewa maganin ciyawar da suka saya da tsada jabu ne, domin sun fesa amma tofa da ƙirƙiri da aya-aya suna nan shar. Jabu kam akwai shi a kasuwa, amma sau da yawa laifin na ranar da aka zaɓa ne don feshin.

Maganin da ake fesa wa ciyawar da ta riga ta tsiro, irin su gilaifoset wanda ya shigo kasuwa a 1974 da sunan Roundup, ta ganye yake shiga, sa'an nan ya bi jikin tsiron har saiwa. Saboda haka sai ciyawa tana cikin ganiyar girma yake cin ta. Idan aka yi ɗan fari ta yi yaushi, fatar ganyenta kan yi kauri, ruwan jikinta ya rage gudu, magani ya tsaya a waje. Gara manomi ya jira a yi ruwa, ta farfaɗo kwana biyu ko uku, kana ya fesa.

Haka kuma wanda ya ga hadari ya haɗu bai kamata ya saɓa famfo ba. Ruwan da ya sauko jim kaɗan bayan feshi wanke maganin yake yi. In an sami awa shida babu ruwa, ya fi kwanciyar hankali. Raɓa mai yawa takan sa ya zurare ƙasa, ƙura kuwa da ruwan kududdufi mai laka suna kashe ƙarfin gilaifoset.

Iska ita ce mai haɗa faɗa. Takan kwashi feshin 2,4-D daga gonar masara ko shinkafa ta kai shi kan audugar maƙwabci, ko wakensa, ko tumatirinsa, ganye ya murɗe, magana ta kai gaban mai unguwa. Tsananin zafin tsakar rana kuma yakan busar da ɗigon maganin tun ganye bai sha ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hantsi, bayan raɓa ta kama bushewa, sama garau, iska kaɗan-kaɗan. Bayan haka sai haƙuri, gama gilaifoset yakan ɗauki mako guda zuwa biyu kafin aikinsa ya bayyana sosai. Ranar da waɗannan sharuɗɗa ba su cika ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.