Fanshon Gwamna Da Fanshon Malamin Firamare: Kada A Ce Mana Talauci Ne



Duk lokacin da muka ɗauko zancen yadda ƙasashe masu arziki ke kula da tsofaffinsu, sai wani ya taso ya ce mu daina haɗa kanmu da Turai, su suna da kuɗi, mu ba mu da shi. Mun ji. To amma a watan Oktoban 2019 tsohon gwamna Abdulaziz Yari ya rubuta wa gwamnatin Zamfara wasiƙa yana neman a biya shi naira miliyan 10 na kowane wata, kuɗin kula da kai da doka ta ba shi. Majalisar dokokin jiha ta ce wannan doka tana cin kusan naira miliyan 700 a shekara, ta soke ta, Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a watan Nuwamba. A daidai lokacin, ma'aikatan da suka yi ritaya tun 2011 suna jiran garatutinsu. Jihar da ta iya rubuta wa mutum ɗaya miliyan 10 a wata ba ta da bakin cewa talauci ne ya hana ta biyan malamin firamare.

Mu duba abin da waɗancan ƙasashe suka yi, don ba hanya ɗaya suka bi ba. Jamus ta fara fanshon gwamnati a 1889 zamanin Bismarck, inda masu aiki a yau ke biyan waɗanda suka huta. Wannan tsari yana wahala idan tsofaffi suka yi yawa, shi ya sa Faransa ta yi dokar ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a 2023, mutane suka cika tituna. Ostareliya kuwa tun 1992 ta tilasta wa mai ɗaukar aiki ya zuba wa ma'aikaci wani kaso a asusunsa, yanzu ya kai kashi 12 cikin 100. Holan da Niyu Zilan suna ba tsohon da ya zauna a ƙasar fansho na tushe, ko bai taɓa aikin ofis ba. Ingila tana ƙara fanshon gwamnati duk shekara da wanda ya fi girma cikin uku: hauhawar farashi, ƙaruwar albashi, ko kashi 2.5 cikin 100.

Hanyoyin sun bambanta, amma sun haɗu a abu biyu: kuɗin tsoho ba ya jiran ganin damar mai mulki, kuma ba a barin tsadar rayuwa ta cinye shi. Wanne ne cikin biyun nan yake buƙatar rijiyar mai? Amana yake buƙata.

Mu ma ba doka muka rasa ba. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, mai ɗaukar aiki ya zuba 10, hukumar PenCom ta sa ido. Sashe na 210 na kundin tsarin mulki ya ce a duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka duba albashi. A 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Mu tambayi dattawan da ke layin tantancewa a Gusau, Tsafe da Bunguɗu nawa ke shiga hannunsu, kuma mudu nawa na masara zai saya. Jigawa, wadda ba ta fi mu rijiyar mai ba, ta kafa asusun fansho na karo-karo tun 2001, har wasu jihohi na zuwa koyo.

Gaskiya ɗaya ce, gwamnatin Dauda Lawal ta ɗauki biyan bashin garatutin da ya taru, na sama da naira biliyan 13, kuma wanda ya karɓa ya san daɗinsa. Amma biyan bashi daban, gyaran tsari daban. Haƙƙin da sai an yi sa'ar gwamna mai tausayi kafin a same shi ya zama kyauta. Waɗanda suka rasu suna jira fa, wa zai mayar musu da shekarun?

Akwai kuma waɗanda ba a ma sa su a lissafi. A Bilbis mutum nawa ne ke da lambar albashi? Fanshon manomi shanunsa ne, da gonarsa, da 'ya'yansa. 'Yan bindiga sun kore shanu, gonakin nesa sun gagari noma, samari sun tafi ci-rani. Tsohon da ya shekara 50 yana ciyar da gari yau yana jiran sadakar Juma'a. Idan an ce Holan ta yi mana nisa, ai Lesoto tun 2004 take ba duk wanda ya kai shekara 70 kuɗin wata, Ekiti ma a 2011 ta fara ba tsofaffi marasa galihu naira 5,000.

Wasu za su ce kula da iyaye aikin 'ya'ya ne a Musulunci. Haka ne, ba mu musa ba. Amma addinin da ya ɗora wa ɗa nauyin iyayensa shi ne ya ɗora wa shugaba nauyin talakawansa, kuma shi ya hana riƙe ladan ma'aikaci.

Abin da muke nema a fili yake: asusun fansho da doka ta kare daga hannun kowane gwamna, a riƙa buga lissafinsa kowa ya gani, mafi ƙarancin fansho da ke tafiya tare da mafi ƙarancin albashi, da ɗan tallafin wata ga tsofaffin karkara, ko da a fara da waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, mu sa masa waɗannan ukun a gaba kafin ya buɗe buhun taliya.

Mu matasa muna ganin tsufa ya yi nisa. Dattawan da ke kan layin nan ma haka suka gani. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya sa mu gama lafiya.